Kemistiri ne ke tare yaranmu a ƙofar jami'a, ina matsalar take?

Maman Fa'iza (Sawaba):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin malaman da ke cikinmu. Sakamakon WASSCE, jarrabawar WAEC ta gama sakandare, na 'yata ya fito. Turanci B3, lissafin dole B2, kimiyyar gama-gari B2, bayoloji B3, lissafin zaɓi C4, fiziks C5, kemistiri kuma D7. Tun tana JHS, wato ƙaramar sakandare, burinta ta karanci harhaɗa magunguna a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi. An ce mana da D7 ɗin nan ko fom kada mu saya. Wallahi yarinyar ba ta wasa da karatu, da littafi take kwana. Wasu sun ce in kai ta rimidiyal, wato makarantar bita, ta sake zama a Nobdek, jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wasu sun ce ta haƙura ta nemi wani kwas. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a layinmu na san yara da dama da wannan darasin ya kayar. Me ke cikin kemistirin nan ne?

Ticha Garba (Aboabo):
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, kada ki bari ta karaya. Gaskiya aka faɗa muku, jami'o'inmu daga A1 zuwa C6 suke karɓa a darasin da kwas ke buƙata, D7 ba ya shiga lissafi.

Kemistiri nake koyarwa a wata sakandare nan Kumasi, bari in fara da yadda jarrabawar take. Takarda uku ce. Ta farko tambaya 50 ta zaɓi amsa, awa ɗaya, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce, awa biyu, maki 100. Ta uku aikin hannu ne a ɗakin gwaji, awa biyu, maki 50. Kin ga kashi ɗaya cikin huɗu na makin yana hannun yaro ne kai tsaye, kuma ta biyun ma cike take da lissafi da tambayoyin da wanda ya taɓa yin gwaji ne kawai zai ji daɗin amsawa.

Ki tambayar min ita abu ɗaya: a shekara ukun nan, ita da kanta ta riƙa riƙe buret tana ɗiga asid, ko kallo take yi?

Maman Fa'iza (Sawaba):
Na tambaye ta yanzu. Ta ce malam ne ke yi a gaban aji su kuma suna leƙe ta kafaɗar juna. Sai da jarrabawa ta matso aka raba su rukuni-rukuni, a rukuninsu ma maza ne suka kame kayan, ita rubuta lambobi aka ba ta.

Ticha Garba (Aboabo):
To ai kin ji. Bari in faɗa muku abin da idona ke gani ranar wannan takarda, don iyaye su san me ake nema daga yaransu.

Za a ajiye wa yarinya buret, wato dogon bututun gilashi mai awo da ɗan famfo a ƙasa, da fifet, wato siririn bututun zuƙar ruwa daidai awo, da kwalabe, da ruwa iri biyu, asid da kishiyarsa. Sai ta ɗauraye buret da ɗan asid ɗin tukuna, ba da ruwa kaɗai ba, in ba haka ba ruwan da ya saura zai tsarma shi. Ta cika, ta cire mazurari, ta duba ko akwai kumfar iska a bakin famfon. Ta zuƙi 25 cm³ na ɗaya ruwan cif-cif ta zuba a kwalba, ta sa ɗigo biyu ko uku na methyl orange, sinadarin da ke sauya launi, ruwan ya zama ɗorawa. Hannun hagu a famfo, na dama yana kaɗa kwalba, ido a kan launi. Ana neman ɗigon da zai juya ɗorawar nan ta koma ruwan lemo. In ta yi ja, an wuce wurin, sai a sake. Sannan ta sunkuya idonta ya yi daidai da saman ruwan, ta karanta ƙasan lanƙwasar, ta rubuta 23.40, ba 23.4 ba, ba 23 ba. Ta maimaita har ta samu amsoshin da tazararsu ba ta wuce 0.20 ba.

Wanda hannunsa ya saba, wannan maki ne na ɗiba. Wanda bai saba ba, za ka ga hannu na rawa, ya buɗe famfo gaba ɗaya, ruwa ya yi jawur, ya waiwaya yana neman lambar maƙwabci. Awa ta wuce bai taɓa tambaya ta biyu ba. Ba daƙiƙi ba ne. Ranar ce farkon haɗuwarsa da kayan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji Mai Goro (Alabar):
Malam, na ji bayaninka, amma kuna yawan kare yaran nan. A zamanin O Level da A Level, kafin gyaran ilimi na 1987, da aci-balbal mutane suka yi karatu a Zango kuma suka zama likitoci. Yanzu yaro na da wuta, na da littafi kyauta, ba a biyan kuɗin makaranta, amma waya ce a hannunsa har asuba. Kwallon Ingila ya sani, sunan kowane ɗan wasa na bakinsa. A karɓe wayoyin a ga ko ba za su ci ba.

Rabi ta Tek:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganar waya gaskiya ce, muna gani a gidajenmu. Amma a tsohon tsarin, shekara biyar ake yi kafin O Level, a ƙara biyu ta A Level, kuma a A Level darussa kaɗan mutum ke riƙewa. Yanzu shekara uku ce, darasi takwas. Sannan waɗanda suka kai A Level a wancan lokaci 'yan tsiraru ne da aka riga aka tace.

Ni harhaɗa magunguna nake karanta, kuma ina koya wa ƙannenmu a unguwa lokacin hutu. Abin da na gani shi ne yawancinsu tun a aji ɗaya suke faɗuwa, sakamakon ne kawai ke jinkirin fitowa. Wurin da jirgin ke barinsu shi ne mol, wato ma'aunin yawan sinadari. Ga misalin da nake ba kowa: an narkar da giram 4 na sinadarin NaOH, kishiyar asid, aka yi ruwa 250 cm³, nawa ne ƙarfinsa? Nauyin mol ɗaya na NaOH 40 ne, wato 23 da 16 da 1. Giram 4 ke nan mol 0.1. Sai a mayar da 250 cm³ ta zama 0.25 dm³, a raba, a samu 0.4. Shi ke nan. Amma sai ka ga ɗan aji uku ya raba da 250 kai tsaye ya rubuta 0.0004, kuma ko a jikinsa, don bai san me lambar ke nufi ba. Wannan ba kemistiri ba ne ya kayar da shi, rabawa da ɗigon lissafi ne na firamare da JHS. Kuma mol ɗin nan yana cikin taitireshan, wato aikin buret da Malam ya bayyana, yana cikin dokokin iskar gas, yana cikin ilektirolisis, yana cikin daidaita ikweshan. Wanda ya rasa shi a zangon farko, shekara biyu da rabi zai yi yana kwafar allo.

Ticha Garba (Aboabo):
Allah ya yi miki albarka Rabi. Duk shekara WAEC na fitar da rahoton manyan masu duba takardu, kuma ƙorafinsu kusan ɗaya ne: yara ba sa iya daidaita ikweshan, ba sa sa ma'auni a bayan amsa, suna rikita sunayen sinadarai na tsarin IUPAC, lissafin mol na ba su wahala. Rahoton a buɗe yake, amma iyaye nawa ne suka san da shi?

Ɗan Nima (Accra):
Salamu alaikum mutanen Kumasi. Mu ma nan Nima da Maamobi labarin ɗaya ne. Amma a faɗi gaskiya, tun da aka fara sakandare kyauta a Satumban 2017 yara suka yi yawa, har aka kawo tsarin layi biyu a 2018, kore da zinariya, wasu na makaranta wasu na gida. Ɗakin gwajin da aka gina don aji ɗaya yanzu ajujuwa nawa ke bin layinsa? Yaro ya yi dogon hutu a gida ya dawo ya manta abin da aka koya masa.

Masta Ɗanlami (Magazin):
A'a ɗan'uwa, kada ka ɗora wa karatu kyauta laifi. Ba don shi ba 'ya'yana biyu da suna nan gareji tare da ni. Kafin 2017 yaran Zango nawa ne ma ke kai wa sakandare balle su faɗi kemistiri?

Ɗan Nima (Accra):
Masta, ban ce a soke ba. Cewa na yi an ƙara yara ba a ƙara buret daidai da su ba.

Kawu Sani (mai kula da zaure):
Jama'a don Allah kada a mayar da ita maganar jam'iyya, mun san inda take kai mu. Ku biyun duk kun faɗi gaskiya. A koma kan yara.

Ticha Garba (Aboabo):
Bambancin makarantu ya girmi kowace gwamnatin yanzu. Prempeh tun 1949 take, T.I. Ahmadiyya 1950, Opoku Ware 1952. Irin waɗannan suna da tsofaffin ɗakunan gwaji da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni da ke tallafa musu. Ku duba gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa da muke kallo a talabijin, Prempeh ta ɗauki kofi a 2021, Presec ta Legon ta ɗauka a 2022 da 2023. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, ana horar da su ne tun aji ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta kafa cibiyoyin kayan kimiyya a wasu sakandare don makarantun kewaye su riƙa zuwa yin gwaji, wanda ke nuna tun a lokacin an san kayan ba su wadata ba.

Yaranmu kuma fa? Kwamfutar rarraba ɗalibai da sakamakon BECE, jarrabawar gama JHS, take aiki. Yaron da ya fito daga JHS mai rauni, makaranta mai ƙarancin kaya za ta karɓe shi, sau da yawa a matsayin ɗan je-ka-ka-dawo. Ranar jarrabawa kuma takarda ɗaya za a ba shi da ɗan Prempeh.

Ustaz Mai Allo (Asawase):
Bismillah. Ina bin maganar tun farko, kuma kafin wani ya kawo ta bari in riga shi, don na saba ji: wai makarantar allo da Islamiyya ce ke cinye lokacin yara, wai hadda ce ke kashe musu tunani. Ban yarda ba. Yaron da ya riƙe izu goma a kansa ba zai kasa riƙe sunayen sinadarai ba. Kuma wannan ilimi ba baƙonmu ba ne, Jabir bin Hayyan da Ar-Razi sun yi aiki a kansa tun ƙarnonin farko na Musulunci.

Ticha Garba (Aboabo):
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi, ni ma ɗan allo ne kuma ina alfahari. A ajina 'yan makarantar allo su ne kan gaba wajen riƙe sinadarai 20 na farko da jerin ƙarafa da launukan gwaji. Wannan baiwa ce, kuma kemistiri na buƙatarta. Inda ake samun matsala shi ne in yaro ya ɗauka haddar ita ce duka aikin.

Misali, tambaya ta biyu a aikin hannu. Za a ba shi wani gishiri da bai san sunansa ba, ya narkar, ya ɗiga NaOH kaɗan-kaɗan, sannan ya zuba da yawa. In ya ga wani abu shuɗi-shuɗi ya kwanta, akwai tagulla. In kore ne mai datti, ƙarfe ne mai caji biyu. In ja ne mai duhu kamar tsatsa, ƙarfe mai caji uku. In fari ne kuma ya narke da aka ƙara, to ana zargin zinc ko aluminiyam ko dalma, sai an sake wani gwajin da ammoniya a raba gardama. Takardar amsa gida uku gare ta: abin da ka yi, abin da ka gani, abin da ka fahimta. Ɗan hadda zalla sai ya tsallake na tsakiya, ko ya rubuta abin da littafi ya ce alhali abin da ke cikin kwalbarsa dabam ne. Mai duba takarda kuma ba ya ba da makin fahimta in ba a rubuta gani daidai ba. Na sha ganin yaro ya riƙe kwalbar gwaji da shuɗi ƙarara a ciki, yana kallon rufin ɗaki yana ƙoƙarin tuno shafi. Ya fi amincewa da abin da ya haddace a kan idonsa, don ba a taɓa ce masa idonsa ma hujja ba ne.

Ustaz Mai Allo (Asawase):
Wannan na karɓa. Mu ma a wurinmu bayan hadda akwai fassara da fiƙihu, ba a tsayawa a tilawa.

Baƙo daga Kano:
Salam 'yan'uwa. Ina Kumasi wajen kasuwanci aka sa ni a zauren. Tambaya: ku ba ku da JAMB ne? Mu a Najeriya bayan WAEC ko NECO sai yaro ya sake zama UTME, darasi huɗu, maki 400, a kwamfuta.

Rabi ta Tek:
Yaya, mu babu. WASSCE ɗin ita ce ƙofar. Ana ɗaukar darasi shida, uku na dole uku na zaɓi, A1 maki ɗaya, B2 biyu, har C6 shida, a tara. Mafi ƙanƙanta shi ne mafi kyau, 6 ce ƙololuwa. Shi ya sa darasi ɗaya ke iya rufe wa mutum hanya.

Abokin Kowa:
Duk wannan dogon Turanci ne. Akwai masu apo, daren jarrabawa tambayoyin ke shigowa waya. Duk mai so ya same ni ta gefe.

Kawu Sani (mai kula da zaure):
Na goge lambar da ka saka, kuma in ka sake zan cire ka. Duk shekara WAEC na soke sakamakon wasu tana riƙe na wasu saboda irin wannan, wani lokaci har na yaran da ba ruwansu. Iyaye a kiyaye, yawancinsu ma 'yan damfara ne, ka tura kuɗi ta momo, wato ta waya, su toshe ka.

Rabi ta Tek:
Kuma wanda ya shigo da apo, shekarar farko a jami'a ke tona shi. Mu da za mu auna wa marasa lafiya magani, in ɗigo ya goce wuri ɗaya ninki goma ke nan.

Hajiya Mai Wake (Sabon Zango):
Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta min. Malam Garba, ina da magana biyu. Ta farko, in na sa karan dafi a tukunyar wake da shinkafa sai na jefa kanwa launin ke fita sosai, waken ma ya fi saurin nuna. Jikata ta ce wai wannan ma kemistiri ne. Gaskiya ne ko zolayata take?

Ta biyu, kuna ta maganar waya da ɗakin gwaji, ba wanda ya yi maganar 'ya'ya mata. Yarinyar da ke je-ka-ka-dawo a Zango kafin asuba ta tashi, ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta kai tukunya bakin titi, sannan ta nemi motar turoturo. Ta dawo ga wanke-wanke ga Islamiyya. Ɗan'uwanta namiji yana kwance. Mu iyaye mata mu ne ke sa su, don ba mu da wani hannun, kuma da cinikin ake sayen littafin. Amma a san da haka in ana cewa ba su da ƙoƙari.

Ticha Garba (Aboabo):
Hajiya, jikarki ta yi gaskiya. Kanwa kishiyar tsami ce, akwai sodium carbonate a cikinta, ita ke janyo launin daga karan dafi ta kuma tausasa wake. Masu sabulun salo ma da suke ƙona ɓawon koko ko na ayaba su tace tokar su dafa da mai, abin da suke yi yana cikin manhajar WAEC, kuma ana tambayarsa.

Ga gwajin da kowane gida zai iya yi yau. A jiƙa zoɓo a tace, ba sukari. A zuba a kofi uku na gilashi. Na farko a matsa lemon tsami, zai ƙara ja. Na biyu a bar shi. Na uku a zuba ruwan kanwa, zai juya ya yi kore mai duhu. Sai a ɗauki na ukun a riƙa ɗiga lemon tsami ɗigo-ɗigo ana kaɗawa ana ƙirgawa har jan ya dawo. Wannan shi ne taitireshan, awon ne kawai babu. Yaron da ya yi haka a tsakar gida, ranar da aka ce masa asid da kishiyarsa suna kashe juna ba zai ji kamar tatsuniya ba.

Amma kada a ɗauka zoɓo zai maye gurbin ɗakin gwaji. WAEC ba zoɓo za ta ba shi ba. Dole hannunsa ya san buret na gaske.

Maganarki ta biyu kuwa ba ni da abin ƙarawa, sai dai in ce haka nake gani a aji. Darasin safe, 'yan matan da ke gyangyaɗi na san daga inda suka fito.

Masta Ɗanlami (Magazin):
Malam, in asid ake nema ai muna da shi a Magazin, na batir. Da kabaid na walda ma, wanda in ka zuba masa ruwa yake ba da gas. In za a koya wa yara zan kawo.

Ticha Garba (Aboabo):
Masta, na gode da niyya, amma don Allah kada ka kawo. Na batir sulfuric ne, yana cin fata da tufafi, in ya shiga ido an gama. Gas ɗin kabaid kuma acetylene ne, ƙyastu ɗaya ya isa. Ko mu a ɗakin gwaji, tsarmamme muke ba yara, kuma ƙa'ida ita ce asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, don zafin da ke tashi na iya fantsamo shi a fuska. Ka faɗa wa yaran garejinka wannan. Abin da za ka yi mana da ya fi, ka bar mu mu kawo ɗalibai su ga cikin mataccen batir da kai a tsaye, su ga farantan dalmar da suke zanawa a littafi.

Maman Fa'iza (Sawaba):
Na ƙaru sosai, Allah ya saka. Amma har yanzu ban ji abin da zan yi da tawa ba.

Rabi ta Tek:
Mama, zan faɗa miki gaskiya don kada a ci kuɗinki a banza. Na dole ukunta sun ba da 7. Bayoloji 3, lissafin zaɓi 4, sun zama 14. Ko da ta samu A1 a kemistiri, 15 ke nan. Harhaɗa magunguna a Tek, kwas ne na shekara shida, kuma masu jimillar da ba ta kai 10 ba ne ke kokawa a kansa. Don haka in shi take so lallai, ba kemistiri kaɗai za ta sake ba, sai ta ɗaga wasu ma. In kuma za ta duba wasu kwasa-kwasan kimiyya, gyara kemistirin zuwa B ko C mai kyau zai buɗe mata ƙofofi da yawa da yanzu suke rufe. Ana haɗa sakamakon zama biyu, amma ku karanta sharuɗɗan kwas ɗin a takardar jami'ar ta wannan shekarar kafin ku sayi fom. Ki bar ta ta zaɓa da kanta bayan ta ga lissafin.

Ticha Garba (Aboabo):
Ƙari a kan na Rabi. A Nobdek ba a shiga ɗakin gwaji, ana ba da takarda ce a madadinsa, awa ɗaya da rabi, a tambaye ta abin da za a gani da abin da za a lissafa. Wasu na murna da haka, amma wadda ba ta taɓa yin gwajin ba nan ma za ta sha wuya. Don haka kafin ki biya kowace rimidiyal, ki je da ƙafarki ki ce a nuna miki kayan gwajinsu, ki tambayi yara nawa ne a aji, ki tambaya ko daga mol za su fara ko tsofaffin tambayoyi kawai za su yi ta bi. In na biyun ne, abin da ya kayar da ita za a sake ba ta.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan: muna da kuɗin rimidiyal da na rajistar Nobdek bayan yaro ya faɗi, har bashi ake ci. Amma lokacin da yake aji ɗaya, da kaɗan daga wannan kuɗin zai gyara shi, ba wanda ke leƙa littafinsa.

Alhaji Mai Goro (Alabar):
Ni dai har yanzu ina kan bakata game da waya. Amma maganar Malam ta ƙarshe ta shige ni. In za a tara 'yan aji ɗaya ranar Asabar, ni zan ɗauki nauyin kayan gilashin. Malam ka rubuto abin da ake buƙata da farashi.

Ustaz Mai Allo (Asawase):
Zauren makarantarmu a buɗe yake bayan azahar ranar Asabar, akwai allo da benci.

Ticha Garba (Aboabo):
Alhamdu lillahi. Lissafi da mol da gwajin zoɓo za a iya yi a zauren Ustaz. Buret da fifet ma za a iya koyon riƙewa da karantawa da ruwan famfo zalla a can, kuma rabin matsalar ke nan. Amma asid ba zai shiga wurin da ƙananan yara ke karatu ba. Wannan sai a ɗakin gwaji na gaske, da izinin hedimasta a rubuce. Zan nema, ban yi alkawari ba tukuna. Kuma kada a wuce yara 20 a farko, kowa ya taɓa da hannunsa, in ba haka ba mun maimaita abin da muke kuka da shi.

Rabi ta Tek:
Zan zo da abokan karatuna biyu mata, mu riƙe rukunin 'yan mata dabam don kada a sake ba su aikin rubuta lambobi. Amma lokacin jarrabawarmu ba za mu samu zuwa ba, sai a nemi masu canjinmu.

Ɗan Nima (Accra):
In kun tsara darussan ku turo mana, akwai malamin kimiyya a masallacinmu da zan yi wa magana.

Hajiya Mai Wake (Sabon Zango):
Bayan azahar ya yi, lokacin an sauke tukunya. Amma a tashi kafin la'asar sakaliya, don iyaye ba za su bar 'yan mata su kai magariba a waje ba. Kuma na Sawaba da Tafo wa zai biya musu kuɗin mota?

Kawu Sani (mai kula da zaure):
Kuɗin mota mu bar shi zuwa Juma'a, a zauna bayan masallaci da Alhaji da Masta. Duk mai yaro ko yarinya a aji ɗaya na kimiyya ya turo min ta gefe, da unguwa da ko ɗan kwana ne ko je-ka-ka-dawo, kada a saka sunayen yara a nan. Malam Garba, jerin kayan ya iso wurin Alhaji kafin Alhamis.